Kafin a Kai Yaro Makarantar Kuɗi

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan tambayar da ta dami da yawa daga cikinmu: yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, kansa na ja, ina za a kai shi? Wata bashin ƙungiya za ta ci, wata kwasar adashi take jira. Kuɗin nan daga turara shinkafa da shanyar kauɗa suka fito, bai kamata a zuba su inda ba za su tsira ba.

Da farko, kada mu tsallake abin da ke ƙofar gidanmu. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya guda biyu, ta nan Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan jiha. Mata ma suna da tasu a Garko. Da jarrabawa ake shiga, wadda Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ke shiryawa. Duk mai yaro mai ƙwazo, namiji ko mace, ta sa ya zauna ta tukuna.

In bai samu ba, ko kuma Maigida ya fi son makarantar kuɗi, to, ki je da ƙafarki. Kada fenti da motar ɗaukar ɗalibai su ruɗe ki.

Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar gwaji da hannu. In kin tarar da kwalabe sun yi ƙura, kin samu amsarki.

Ki tambayi wa ke koyar da lissafi da Turanci, kuma shekararsa nawa a wurin. Jami'a, ko Bayero ce ko ta Wudil, kiredit biyar take nema, har da waɗannan biyun. Makarantar da malamai ke gudu duk zango, yaro kullum farawa yake yi.

Ki nemi sakamakon shekara uku a jere, sannan ki tambaya nawa suka ci JAMB suka samu jami'a. Nan ake gane gaskiya. Akwai wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo, takarda ta fito da kyau, amma in an zaunar da yaro gaban kwamfuta ranar JAMB sai ido ya raina fata. Duk wanda ya ce miki “a nan ba a faɗuwa”, ki ɗauki mayafinki ki fito.

In ta kwana ce, ki leƙa ɗakin kwana da madafa, ki ga ruwa, ki ji wa ke kwana da 'yan mata, kuma ana tashin su sallah ko a'a.

Sai lissafi. Zango tara ne daga aji ɗaya zuwa uku, ga littattafai, ga kuɗin jarrabawar fita. Zangon farko a Satumba yake, shinkafar damina ba ta shigo gida ba. Kun kuma san yadda kwandon tumatir ke faɗuwa a Kwanar Gafan in kaya ya yi yawa. Cire yaro a tsakiya ya fi ciwo a kan rashin kai shi tun farko. Ki lissafa da shekarar da kasuwa ta ƙi.

Daga ƙarshe, ki zaunar da yaron ki ji ta bakinsa, shi zai yi karatun. Mata masu 'ya'ya a irin waɗannan makarantu kuma, don Allah ku faɗa wa 'yan'uwa gaskiyar abin da kuka gani.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ƙara wa ƙungiya ƙarfi.