Lambobin Yaƙi da Ke Gidajen Talakawa
Jawabi ga hakimai da malamansu na kudancin Katsina

 Maganata yau a kan lambobin yaƙi ce, waɗanda ke ajiye cikin adaka a gidajen manoma daga Funtuwa har Malumfashi. Masu su yawanci sun riga mu gidan gaskiya, jikoki kuwa ba su san abin da ke hannunsu ba.

Lambobin nan ba ɗaya suke ba. Akwai Tauraron Afirka da Tauraron Bama, waɗanda aka bai wa duk sojan da ya yi aiki a fagen nan, ba a kuwa rubuta suna a jikinsu. Akwai kuma wadda Turawa ke kira Military Medal, watau M.M., wadda aka ƙago a 1916. Ita a wancan zamani ba a samunta sai an ga mutum ya yi bajinta a gaban abokan gaba, hafsansa ya rubuta abin da ya yi, manya suka amince, sa'an nan aka buga sunansa a gazet ta Landan. Ta azurfa ce, sunan mai ita da lambarsa da rundunarsa suna sassaƙe a gefenta. Wannan gefe shi ne shaida.

Misalin da ya fi shahara shi ne Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno. Da fari sojan Jamus ne a Kamaru, har suka ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe. Aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya yaƙi iyayengijinsa na dā a Afirka ta Gabas. Da Yaƙin Hitila ya zo, ya sami M.M. a karon da aka yi da Italiya a ƙasashen Somaliya da Habasha, ya kuma tafi Bama. Ya bar aiki a 1953 da girman Kyaftin na karramawa, barikin Lakwaja kuwa sunansa yake amsawa. Sarauta biyu masu gaba da juna, kowacce ta shaidi jarumtakar mutum ɗaya, abin da wuya a sake gani.

Katsina ma ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Sarki Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya tafi har Bama ya gai da sojojinmu. Su ne suka ratsa kwarin Kaladan, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Barikin Chindit da ke maƙwabtanmu Zariya daga can ya samo suna.

To, ga abin da muke roƙo. Kowane hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su binciko gidajen da ke da lamba. Malami ya je da kansa, ya duba gefen, ya kwafe suna da lamba da runduna harafi bayan harafi, gama Turawa sun sha karkata sunayenmu, gyara kuwa sai ya ɓad da sawu. Ya rubuta sunan gaskiya a ƙarƙashi, da ƙauye, da wanda lambar ke hannunsa. In akwai takardar sallama, a kwafe ta ita ma. Kada a karɓe lamba daga iyali, kada kuma a bari dillali ya saye ta a kan nauyin azurfa. Muna so littafin kowace gunduma ya kammala kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.