Ambaliya, Inshora da Harshen Manomi



Maganar da zan gabatar yau ta shafi ambaliyar ruwa a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Galibi idan aka ambaci ambaliya a Jihar Jigawa, hankali yakan tafi kwarin Haɗeja ne. Amma a nan ma, mamakon watan Agusta yakan cika rafuka da kududdufai, ya rushe ginin ƙasa, ya kwantar da gero da dawa. A shekarar 2022 ambaliya ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

To, shin gwamnati ba ta da labarin abin da ke tafe ne? Tana da shi. Tun 2013 hukumar lura da ruwayen ƙasa, wato NIHSA, take fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Sai dai a ce wa manomi "Roni tana cikin haɗari" bai gaya masa ko gonarsa ce ko ta maƙwabcinsa ba. A Amurka, inda gwamnati ta kafa inshorar ambaliya a 1968, mutum yakan duba taswira ya ga matsayin gidansa kafin ya saya.

Haka zancen inshora yake. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar aikin gona, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, aka kuma tsara gwamnati ta ɗauke wa manomi har rabin kuɗin da zai biya a kan amfanin gona. Amma sau da yawa manomi bai san inshora ba sai a jikin takardar bashin banki. Wani kuma yana ƙyamarta don tsoron riba, alhali akwai tsarin takaful, wanda aka gina bisa taimakon juna. Bahaushen da ya san gayya da adashi ba baƙo ba ne ga wannan tunani; bayanin ne bai zo masa da harshensa ba.

Saboda haka shawarata ita ce, a sauko da hasashen nan zuwa matakin gunduma da ƙauye, a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a karanta shi a rediyo da masallatan Juma'a, a kuma damƙa taswirarsa ga hakimai da dagatai tun kafin shuka. Takardar inshora ita ma a mayar da ita Hausa, manomi ya san abin da zai biya da ranar da za a biya shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma gargaɗin da bai kai kunne ba bai zama rigakafi ba.