Daga Tabanni zuwa Jidda: Awa nawa?



Maniyyacin da zai bar Tabanni, a yankin Birnin Gwari, zuwa ƙasa mai tsarki tafiya biyu ke gabansa, ta mota da ta jirgi. Bari in fara da ta sama, don ita ce mai sauƙin lissafi.

Tsakanin Kaduna da Jidda, idan aka miƙe ba karkata, kilomita 3,600 ne ko kusa da haka. Jirgin alhazai kan ci kimanin kilomita 850 a awa guda bayan ya daidaita a sama. A haɗa da tashi da sauka, sai tafiyar ta kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, shi ya sa wanda ya tashi da ƙarfe 10 na dare zai sauka ya tarar asuba ta kawo jiki. Miƙaƙƙiyar hanyar kuwa ta kan Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. Ƙasashen nan su ne kakanninmu suka taka da ƙafa da jaki, ta Abeshe da Alfashir da Al'ubayyid har Sawakin, suna yada zango su yi noma su tara guzuri. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani can ya zauna har yau jikokinsa na Sudan.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Makka ba ta gusa ko taku ɗaya ba, amma dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da kusan awa biyu, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Manomin da ya sayar da masararsa ya biya kuɗin kujera, yaƙin da bai san mafarinsa ba ya taɓa masa aljihu.

Jama'a, game da tafiyar mota kuwa, mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna kilomita 120 ne da 'yan kai, tafiyar awa biyu in hanya na lafiya. Shekara da shekaru, saboda 'yan bindiga, sai an jira ayari ya taru, a samu rakiyar jami'an tsaro, a bi ta Udawa da Buruku zuciya na dukan uku-uku. A wancan lokacin sau da yawa isa sansanin alhazai na Mando a Kaduna ya fi isa Jidda cin lokaci, kuma wannan abu ya dame ni ƙwarai.

Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanya, alhamdulillahi. Roƙona ga hukuma shi ne a gyara ramukan titin, a bar jami'an tsaro a wuraren da suke, kuma a riƙa sanar da maniyyatan ƙauyuka irin Tabanni ranar tashinsu da wuri, don su kama hanya da rana tsaka.