Man da Ke Kare Inji, Ya Kuma Cutar da Mai Gyaransa



Duk ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya nufi Kano, sararin Kiru da Bebeji yake ratsawa. Manomin da ke ban-ruwa a ƙarƙashin madatsar Tiga yakan ɗaga kai ya ga farfelarsa na juyawa, amma da wuya ya san abin da ke cikin tankinsa. Shekaru da dama, jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Horar da Matuƙa Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, irin su Tampico da Baron, wani fetur na musamman suke sha mai suna 100LL. Shuɗi ne, an rina shi da gangan don kada a rikita shi da wani mai, kuma kowace lita na ɗauke da dalma har kusan rabin giram.

Me ya kai dalma cikin mai? Injin jirgi yana matse mai sosai, cikin zafi, na tsawon awoyi. Man da ba shi da ƙarfi sai ya fashe tun lokacinsa bai yi ba, ya ƙona fistin. A mota, in inji ya buga a Kwanar Dangora, sai a gangara gefen titi. A sama babu gefen titi. Dalma ce ke hana wannan fashewa.

Sai dai ba ta fita duka ta bututun hayaƙi. In aka bar inji yana silo, bai ɗau zafi ba, dalmar takan daskare a bakin fulogi ƙwaya-ƙwaya, masu launin toka, har wuta ta daina kamawa. Shi ya sa ƙwararren matuƙi ke rage mai yayin da yake tafiya a ƙasa, ya riƙe injin wajen juyi 1,000 zuwa 1,200 a minti. Takan kuma taru a jikin bawul har ya maƙale. Alamarsa, inji ya yi ta kakkarwa a tashin farko na safe, ya daidaita bayan ya ɗumama. Wanda ya ce "ai ya ware" ya tashi da shi, ya yi ganganci da rayuka.

Ragowar dalmar cikin baƙin mai take sauka. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injunan jirage, ya tsara a juye baƙin mai duk bayan awa 50 ga injin da ke da filta, awa 25 ga marar ita, ko wata huɗu ko da jirgin a ajiye yake. A ƙasar da hazon hunturu ke cika iska da ƙura, ƙetare wannan ƙa'ida ba tsimi ba ne, asara ce.

A nan maganar ta shafi kowa. A garuruwanmu, daga Tudun Wada har Doguwa, tsohon baƙin mai ba ya zama shara: ana shafa wa katako saboda gara, wasu ma na shafa wa dabbobi. Wanda ya fito daga irin wannan inji guba ne tsantsa. Arewa ta san dalma. A 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara sanadin ƙurar duwatsun zinare mai dalma. Wadda ba ta kashe yaro ba takan dakushe masa ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun tabbatar babu wani adadi nata da za a ce ba ya cutarwa.

Duniya ta raba mota da fetur mai dalma a 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da shi. Ƙananan jirage ne suka rage, Amurka kuma ta sa 2030 a gaba don raba su da shi. Kwalejin Zariya ta sayo jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi, mataki ne da ya cancanci yabo.

Kafin tsofaffin injuna su ƙare, duk bakaniken da zai taɓa su ya sa safar hannu, kada ya wanke ƙarfe ko hannunsa da shuɗin man nan, ya bar kayan aikinsa a wurin aiki, kada ya kai su ɗakin da yara ke rarrafe.