Mai Kawo Labari, Ka Ji Tsoron Allah



Yau mun buɗe Littafin Ƙidaya, sura 13. Musa ya aiki mutum 12 su leƙo ƙasar Kan'ana. Bayan kwana 40 suka dawo, biyu na ɗauke da nonon inabi rataye a sanda. Ƙasa ɗaya suka gani, haɗari ɗaya suka gani. Amma goma suka zuzuta tsoro, har jama'a suka kwana suna kuka. Sauran biyun kuwa, Joshuwa da Kalibu, suka dogara ga Allah.

'Yan'uwa, mu ma sai mun ji labarin hanya kafin mu nufi gona. Mai kawo labari, faɗi abin da idonka ya gani. Kada ka ɓoye haɗari, kada ka ƙara masa gishiri.

Allah ya zaunar da Zamfara lafiya.