Rana da Gansakuka a Tafkin Kifi

Yau zancenmu a kan gansakuka ne, wato koren nan da ke rufe ruwan tafkin da ake kiwon kifi.

Gansakuka tsiro ce kamar ciyawa, sai dai ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai. Abu biyu take so, hasken rana da taki. In ta sami biyun nan, cikin 'yan kwanaki ruwa ya yi kore. Wannan ba laifi ba ne. Gargaza tana cinta, tana ƙiba. Da rana kuma gansakuka tana sakin iska mai kyau cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa.

To, ga inda haɗarin yake. Da dare babu haske, sai ta daina ba da iskar, ta koma tana shaƙarta, ita da kifi tare. In ta yi yawa, kafin asuba iskar ta kusa ƙarewa. Shi ya sa mai tafki ya kan tashi da safe ya iske kifinsa sun taso sama suna buɗe baki. Wani ya ce sammu aka yi masa. Ba sammu ba ne, numfashi ne ya gaza. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje, ita da sauƙi. Gargaza kuwa mutuwa take yi, a dare ɗaya a rasa wahalar wata shida. An fi ganin haka bayan kwana biyu ko uku na hadari, ko lokacin hazo, da rana ba ta fito sosai ba.

Ga yadda za ku gwada ruwanku. Da hantsi ku tsoma hannu har gwiwar hannu, kamar santimita 30, ku ɗago tafin. In kun gan shi dishi-dishi, ruwa ya yi daidai. In kun gan shi tangaran, ƙara taki kaɗan. In ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, gansakuka ta yi yawa. Ku tsai da zuba taki, ku rage abincin kifi, gama abin da ba su ci ba shi ma taki ne. Ku fid da wani ruwan, ku sa sabo.

Kainuwa kuma kada ku bari ta rufe tafki duka. Tana hana rana shiga. A kwashe ta.

Wanda ke ajiye kifi cikin akwatin gilashi a ɗaki, dokar ɗaya ce. Kada ya ajiye shi bakin taga inda rana ke dukansa. Fitila ta yi awa 6 zuwa 8, sa'an nan a kashe.

Gobe da asuba kowa ya je ya duba tafkinsa tun rana ba ta fito ba. Ranar aji ku gaya mini abin da kuka gani.