Nanatawa a Kiɗa: Gazawa Ce Ko Hikima?



Akwai zargin da wasunmu 'yan boko kan yi wa kiɗan gargajiya, wai abu ɗaya ake ta nanatawa, ba gaba ba baya. Nufina a yau in nuna cewa nanatawar nan hikima ce, domin ta nan kiɗa ke bi ya kama zuciya.

Mu fara da gida. A wasan bori kowane iska da nasa take: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban. Mai garaya ko goge yakan riƙe gajeren take ɗaya, ya yi ta juya shi har ɗan bori ya fita hayyacinsa. Haka kuma 'yan Ƙadiriyya a Kano sukan haɗa zikiri da bandiri, kalma ɗaya da bugu ɗaya, har shauƙi ya sauka. Manufar waɗannan biyu ta sha bamban ƙwarai, malamai ma sun yi saɓani kan bandirin kansa, amma dabarar ɗaya ce.

To, me ke faruwa? Muddin kunne ya san abin da ke tafe, sai hankali ya daina jira, ya bar lissafin lokaci. A nan ne ɗan bambancin da bai kai a kula da shi ba yakan zama babban abu. Shi kansa makaɗi, in tafiya ta yi nisa, hannunsa ne ke aiki, ya koma mai sauraron abin da yake kaɗawa.

Turawa ma sun bi wannan hanya. A 1965 wani Ba'amurke, Steve Reich, ya yi amfani da muryar wani mai wa'azi da ke magana kan ruwan Ɗufana, ya yanko 'yan kalmomi, ya liƙe bakin zaren rakoda da ƙarshensa don ya yi ta zagayawa. Da ya kunna rakoda biyu tare, sai ɗaya ta riƙa tsere wa ɗaya kaɗan-kaɗan, maganar ta narke ta zama kiɗa. A 1970 ya zo Jami'ar Ghana ya koyi kiɗan Ewe a wurin Gideon Alorwoyie, ya kammala aikinsa mai suna Drumming a 1971. Wato abin da muke rainawa, shi wani ya ƙetaro teku nema.

Yau matasanmu suna haɗa kiɗa a kwamfuta, inji na maimaita musu bugu sau dubu ba gajiya. Amma inji ba shi da niyya. Mai bandiri ya san inda yake son kai jama'arsa, mai garaya ma haka. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Abin da aka nanata wa mutum shi zai zauna a zuciyarsa, alheri ne ko sharri. Saboda haka duk wanda ya zauna haɗa kiɗa, ya fara tambayar kansa: ina zan kai waɗanda suka miƙa mini kunnensu?